Rakiyar Malam Tanimu

Ko da ladan ya kira assalatu, mun riga mun tsaya a bakin titi, ni da sakataren ƙungiyarmu, muna jiran motar Zariya. A gefen kwalta muka yi sallar asuba, kunnenmu na wajen ƙarar mota.

Ku da kuka san ƙauyenmu kun san abin da ya fitar da ni. Bara aka ɗora mini shugabancin ƙungiyar taimakon kai da kai, ba don na fi kowa ba, don dai ni ne malamin firamare. Muka fara ginin ɗakin haihuwa da aikin gayya, saboda matanmu su huta da wahalar hanya in naƙuda ta zo. Gini ya kai, saura rufi, sai mutane suka janye jiki. In na kira taro a zo, a ce "Madalla, Malam," ranar aiki kuwa daga ni sai sakatare sai magini. Ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, gini kuma na ƙasa ne. In ruwa mai ƙarfi ya sauka a kansa ba rufi, shi ke nan, ya koma tudu. Na rasa wanda zan kai wa kuka sai tsohon malamina, Malam Tanimu, wanda ya daɗe yana jan irin wannan ƙungiya a cikin birni.

Bas ɗin da muka samu ta sha duniya. An cusa mu tare da buhunan tattasai da wata akuya da ta ɗauki gwiwata matashi. Kuɗin mota ya tashi, direba ya ce laifin mai ne, da muka iso Samaru kuwa muka ga gaskiyarsa: layin motoci a gidan mai har ido ya gaji, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motocinsu suna barci. Abin da kawai ya yi araha mangwaro ne, an tara shi tuli-tuli a bakin hanya, ƙuda na biki.

A Tudun Wada sakatare ya ce zai leƙa surukansa, yanzun nan zai same ni. Wallahi ban sake ganin ƙeyarsa ba sai a gida. Na sha koko da ƙosai a tsaye, na shiga ta Ƙofar Doka ni kaɗai. Ganuwa duk ta zaizaye, awaki na kiwo a kanta, can nesa ga dutsen Kufena cikin hayaƙin zafi. Cikin birni lungu ne bayan lungu, kowane zaure da masu ɗinkin babbar riga sun sunkuyar da kai kan allura. Kowa da abokin hirarsa. Ban taɓa jin kaɗaici a tsakiyar mutane kamar ranar ba.

Na sami Malam a zaurensa wajen Ƙofar Galadima. Ya tsufa, ya rame, ga sanda a gefe. Na yi sallama, ya daɗe yana dubana kafin ya ce, "A'a, Malam ƙarami ne?" Bayan gaisuwa na kwashe damuwata kaf na zube masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, Allah ya kyauta." Shi ke nan fa! Raina ya ɓaci, amma na haɗiye.

Daga nan baƙi suka fara shigowa: mai yasar kwata, wani ɗan tireda, wani dattijo mai riƙon marayu. Kowa ya zauna, a yi maganar zafi da tsadar taki, ya ce zai koma. Sai Malam ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar, ya bi shi, su ɓace a lungu, a bar ni da ƙadangaren da ke bango. Haka aka yi ta yi har azahar. An kawo mini tuwon dawa miyar kuka daga maƙwabta, na ci ni kaɗai. Na ce a raina, kai, na bar gini a hannun hadari na zo gadin zaure.

Bayan la'asar na yi sallama. Malam ya laluba sandarsa. Na ce, "Haba Malam, zauna abinka, ga ciwon ƙafa."

Ya ce, "Haka kake ce wa mutanenka in an tashi taro?"

Na ce ai ni ba na son wahalar da kowa, da an shafa fatiha nake hawa kekena.

Ya yi dariya har da tari. Muna tafe a hankali ya ce, "Duk waɗanda ka gani yau, ba wanda ya faɗi abin da ya kawo shi a zaure. Wa zai buɗe cikinsa ana kallonsa? Sai an fito, kuna jere, ba mai duban idon wani, sannan mutum zai ce, af, na manta. To wannan da ya manta shi ne ya kawo shi. Kai kuma ka hau keke ka bar su da shi."

Da muka kai bakin titi ya miƙo mini hannu. Na duba lungun da zai koma, na ga ba kowa, sai na ji ba zan iya ba. Na ce, "Malam, mu je in mai da kai." Bai yi musu ba. Mun kusa zaurensa ya tsaya kamar mai hutawa, ya ce, "Af. Idon nan nawa fa ya kusa tafiya. Ɗazu da murya na gane ka. Ban gaya wa kowa ba, tun rasuwar mai ɗakina ba wanda ya rako ni." Tausayi ya kama ni, na riƙe masa hannu har bakin ƙofa, muka yanke ranar da zan zo in kai shi asibitin ido.

A motar dawowa idona na kan sama. Walƙiya na ta wasa a gabas, ni kuwa ina ta addu'a ruwan ya dakata.

Washegari na kira taro, aka yi "Madalla, Malam" kamar kullum. Da aka tashi na jingine keke, na ɗauki buta da buzun mai unguwa na bi shi. Mun wuce masallaci, mun wuce rijiya, har na fara fid da ran jin wani abu. Sai a ƙofar gidansa ya ce, "Af, Malam. Ƙofar ɗakin nan naka, ka lura durumin da maza ke zama take kallo? Wa zai yarda iyalinsa ta shiga da naƙuda gari na kallo?" Ashe kowa ya sani, kunya ce ta hana a faɗa a gaban jama'a.

Muka toshe ƙofar, muka fasa wata ta bayan gini, aka kewaye da zana. Ranar rufi mutane har sun yi yawa, ruwan farko kuma a kan kwano ya sauka.

Na je Zariya neman dabarar tara jama'a, na dawo da abu guda: in an tashi, a bi mutum a taka masa. Yanzu kowa nakan raka shi har gida, in kwaso damuwarsa, in juyo ni kaɗai. A wannan juyowar ce kullum nake tuna Malam Tanimu, yana laluben bango a lungunsu.