Kazar Inna a Ƙofar Jami'a

Wata rana, bayan sallar da ta wuce, ƙanwata ta turo mota aka ɗauke ni. Ba ta faɗa mini inda za mu ba sai da muka hau titi.

Jami'a za mu.

Ni ba mutumin taro ba ne. Kujerar roba da lasifika ba sa yi mini. Amma Tasalla ce. Ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu.

Ga wanda bai san ta ba: abincin kaji take sayarwa, tirela-tirela. Da kwandon ƙwai a ka ta fara, a tasha. Allah ya buɗa mata.

Ita ta gina wa jami'ar gidan kaji, inda za a riƙa bincike, ɗalibai kuma su koyi kiwo da hannunsu, ba a allo kaɗai ba.

Rabi aka gama. Ɗaya rabin, ɗakin ƙyanƙyasa, gini ya tsaya iya taga. Ta ce sai ta ga yadda aka riƙe na farko kafin ta ƙarasa.

Kowa a jami'ar ya san da wannan magana.

A mota ta ɗora mini kwando a cinya. Na leƙa. Kaza ce, ja, mai gajerun ƙafafu.

Na gane ta. Irin kajin Innarmu ce, Allah ya jiƙan ta.

A gidanmu haka muka taso. Duk wanda ya yi sabon gida, sai an saki kaza daga irin na Inna a tsakar gidan kafin a shimfiɗa tabarma. An yi mini. An yi wa 'ya'yana. Wata shekara annoba ta share akurkin Inna, guda ɗaya ta tsira a kan rumbu. Duk kajinmu na yanzu daga ita suka fito.

Tasalla ta ce sunan Inna aka sa wa ginin, don haka kazar Inna ce za ta fara taka shi.



Muka isa. Aka yi ta jawabi. Wannan ya sauka, wancan ya hau. Rana ta take. Kazar ta ƙi zama, ni ma na ƙi. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Wani mai jar hula yana ta hararata.

Aka yanka kyalle. Aka tafa. Aka nufi ƙofa.

A bakin ƙofar akwai kwatami cike da ruwan magani, sai ka tsoma ƙafa kafin ka wuce. Ga fararen takalman roba a jere. Ga wata 'yar siririyar mata da farar riga, Dakta Hanne, ita ce mai kula da wurin. A haife Tasalla ta haife ta.

Ta gaishe mu har ƙasa. Sai idonta ya faɗa kan kwandon.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Wannan ba za ta shiga ba."

"'Yata, kin san wa ya gina wurin nan?"

"Na sani, Hajiya. Ga sunan mahaifiyarki can a bango."

"To kazarta ce."

"Ƙila lafiyarta ƙalau. Ƙila kuma tana ɗauke da abin da ita ta saba da shi, na ciki ba su saba ba. Ido ba ya gani. Ke da Baba ma, tunda kun riƙe ta, yau ba za ku shiga ba."

 Kukan 'yan tsaki na tashi daga ciki, kamar ana yayyafi a kan kwano.

Shugaban jami'a ya matso yana murmushin da bai kai ciki ba. Ya ce ai hoto kawai za a ɗauka, yanzu a fito da ita. Wani daga baya ya ja wa Dakta gefen riga.

Ba ta matsa ba.

Ni ina kusa. Na ga hannunta ya ƙara damƙe sakata.

Na san ƙanwata. Na taɓa ganin ta juya tirela cike da kaya daga ƙofar mutum saboda kalma ɗaya. Da na ga ta gyara mayafi, na ce a raina shi ke nan, ɗakin ƙyanƙyasa ya tsaya iya taga har abada, yarinyar nan kuma ta gama aiki a nan.

Sai ta juyo gare ni.

"Yaya, shekarar da kajin Inna suka ƙare, ta ina abin ya shigo?"

"Zakaran Kawu Nomau. Wanda ya sayo a kasuwa."

"Kyauta ce ko?"

"Kyauta ce. Inna ta ji nauyin ƙin karɓa."

 Mu biyu kaɗai a wurin muka san sauran. Inna da tsintsiya da safe tana tara gawar kaji. Da ƙwan kajin nan ake saya wa Tasalla littafi da alli. A shekarar ta bar makaranta.

Ta daɗe tana kallon kwandon.

Ba ta yi dariya ba. Ba ta ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne. Tambaya ta yi.

Ta ce in baƙuwar kaza ta zo, ina suke ajiye ta?

Dakta ta ce kamata ya yi a sami ɗaki daban, can nesa, a killace ta, a gwada jininta, sannan ta shiga. Ta ce ba su da shi.

Tasalla ta ce me ya hana su faɗa tun farko?

 Manyan duk suka shiga kallon takalmansu.

Ta ce a haɗa ɗakin killacewar cikin aikin, da shi da ɗakin ƙyanƙyasa. Ta nuna Dakta da baki, ta ce mukullin ya zauna a hannun wannan.

Manyan baƙi suka sa takalman roba suka shige. Mai ginin ta tsaya a rana, da ni, da kaza, muna leƙe ta ragar waya.

  A hanyar dawowa kazar ta yi ƙwai a cikin kwando.

Yanzu tana gidana tana jiran a gama mata ɗaki. Ta tone mini irin albasa kaf.

Tun ranar ban samu natsuwa ba. In na zauna sai hannun yarinyar nan ya dawo mini, bai saki sakata ba. Na shekara da yawa a duniya. Ƙofofin da na ga an wangale saboda mai kuɗi ya tsaya a gabansu ba sa ƙirguwa. Asibiti, makaranta, har masallaci. Wannan kaɗai na ga an rufe.

In abin ya dame ni sai in hau babur in je in duba ginin. An kai rufi.

Darasi: In ka ba da taimako, ka ba da shi har da ƙofar, kada ka riƙe mukulli a aljihu. In kuma kai aka ba tsaron ƙofa, ka tsare ta ko da mai ginin ne ya zo. Jin nauyi ya kashe kajin Inna.

Ku tura wa masu bayarwa. Ku tura wa masu karɓa, su sun fi buƙata.