Hodar da Inna ba ta gane ba

Rabi ta rasu. Da safen nan labarin ya iske ni, ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ɗazu nake ganin ta'aziyya a waya, har da ta mutanen da ko sallamarta ba sa amsawa tana raye. To, yau kam sai na yi magana.

Ƙawata ce tun muna sakandare. Da na yi haihuwar fari, kullum sai ta tako daga unguwar Takur ta dafa min ruwan wanka, ta dama min kunun kanwa, sannan ta tsaya a kaina sai na shanye.

Da Dutse ta zama hedikwatar jiha, kwangila ta buɗe, sai ta auri wani ɗan kwangila mai yawan zuwa Legas. Shi ya fara ba ta hodar iblis. Tana da ƙaramin ciki, laulayi ya sa ta a gaba, ya ce ta ɗan shaƙa, kasala za ta sake ta. Kasala ta sake ta kuwa, hodar ta riƙe ta.

Ta nemi taimako, wallahi ta nema. Ta je Kiyawa ta durƙusa gaban mahaifiyarta ta ce, "Inna, hoda ta kama ni, na kasa bari."

Inna ta yi dariya ta ce, "Ke Rabi, wace mace ce ke barin hoda? Yi kwalliyarki mijinki ya gani."

Baiwar Allah, hodar shafawa a fuska kaɗai ta sani. Ran kasuwa ma sai da ta aiko mata da wata mai ƙamshi. Rabi ta ce min daga ranar kunya ta ɗaure mata baki.

Cikin yana wata bakwai jini ya ɓalle mata. Aka ciro Sadiƙu bakwaini, ɗan mitsitsi, kansa kamar lemon zaƙi. Jikinsa sai rawa, kukansa mai tsini ba ya tsayawa, nono ma ya kasa kamawa. Dangin miji suka ce iska ce, aka yi ta turare da rubutu. Wata likita ce ta keɓe Rabi ta tambaye ta, ta kuma gaya mata gaskiya: abin da uwa ta shaƙa yana tsuke hanyar da jini ke bi ya ciyar da ɗan da ke ciki.

A nan ta daina. Na ga wahalar da ta sha, tana gumi tana cizon filo.

Amma ɓarnar ta riga ta auku. Sadiƙu ya makara a tafiya, ya makara a magana. A makaranta ba ya iya zama wuri ɗaya, malamai suka yi ta dukansa wai taurin kai ne. Yanzu ga shi da gemu, amma sai an tuna masa ya ci abinci.

Da aka ƙaddamar da shari'a, sai ga mijin nata, Alhaji, a sahun gaba da zungureren carbi. Ya sake ta, wai shi ba zai zauna da 'yar maye ba. Ita ake nunawa da baki a gidan biki, shi kuwa har yau tashi ake yi a ba shi kujera. Abin nan yana ci min rai.

Rabi ba ta ɓoye kanta ba. In ta ji wata mai ciki na shaye-shaye, har gida take bin ta, ta ba ta labarinta da bakinta, ta nuna mata Sadiƙu.

Ran Talata na je duba ta a asibiti. Ta riƙe hannuna ta ce, "Binta, ba mutuwar nake tsoro ba. Kar ki bari su kai min shi gidan mari. Ba mahaukaci ba ne."

Na ce, "Haba Maman Sadiƙu, ke za ki tashi ki ci gaba da hidimarsa."

Yau ko dawowa daga maƙabarta ba a yi ba, na ji kawunsa yana cewa ya san wani malami a ƙauye mai ɗaure irinsu. Uban kuwa buhun shinkafa ya aiko, ƙafarsa ba ta tako ba.

Na tarar da Sadiƙu zaune a ƙofar ɗakinta. Na ce, "Taso mu tafi gidana."

Ya ce, "Anti, Mama ta ce kar in bi kowa sai ta dawo."

Ga ni zaune a gefensa, daga nan nake rubutun nan. Ba inda zan je sai da shi.

Ya Allah ka jiƙan Rabi, ka karɓi tubanta, ka sa wahalar da ta sha ta zame mata kaffara. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ya kuma roƙa wa Sadiƙu Allah ya sa ya yarda ya bi ni.