Halliru Mai Katifa da Rimin da Za a Sare

Rana na ɗagowa za ka tarar da Malam Halliru a gindin rimin nan na bakin hanyar Roni, a nan Kazaure, ya ɗaure hanci da tsumma yana dukan auduga da tsumagiya. Tun kafin a ba mu mulkin kai yake wannan aiki. Da bazara ya kaɗo 'ya'yan rimin da gora, ya fasa, ya tsince ƙwaya, ya cusa audugar a yadi, ya bi da basilla. Kuma shi don an ɗauki katifa an kai gida ba ta fita daga hannunsa ba. Damina na wucewa sai a ji sallamarsa a zaure, ba wanda ya kira shi.

"A fito min da ita ta sha rana. An juya ta kuwa? Kai ya koma ƙafa, sama ta koma ƙasa. Wa ya bar yara suna tsalle a kai?"

Matan gida su yi ta ƙunƙuni, amma su fito da ita. Wannan faɗan nasa ne ya sa a garin nan akwai katifar da aka haifi uwa a kanta, aka zo aka haifi 'yarta.

Ku tambayi Asma'u, wadda mahaifinta Malam Mamuda ya yi shekaru a kwance da shanyewar ɓarin jiki. Ta ce min, "Wallahi duk Juma'a sai Baba Halliru ya zo. Shi zai ciccibi Baba ya sa a tabarma, ya farke inda katifar ta dunƙule, ya buge, ya ɗinke. Har Allah ya karɓi ran Baba bayansa bai taɓa yin gyambo ba."

Sai kuɗin mai ya shigo, kan mutane ya juye. Kowa sai katifar soso daga Kano, kuma ba a cire mata leda, don baƙo ya san sabuwa ce. A kwana ana gumi ana zamewa, damina biyu ta lotsa, a jefar a sayo wata. Ta Halliru kuwa aka fitar bayan ɗaki awaki suna hawa. Wannan duk na haɗiye, kowa da bayansa.

Abin da ba zan haɗiye ba shi ne rimin. Wani ɗan kwangila ya sayi filin zai gina gidan mai, masu zarto za su zo ranar Asabar. Da aka gaya wa Malam Halliru bai zagi kowa ba. Cewa ya yi, "To, a ɗan jira 'ya'yan su nuna mana. Akwai katifar Inno da na farke, audugar ba ta isa ba." Inno tsohuwa ce mai ciwon ƙugu, tun ranar da ya farke katifar a tabarma take kwana tana jiransa. Aka ce masa siminti ba ya jira. Mutumin da ya ba garin nan barci mai daɗi shekara da shekaru, a ce 'yan makonni sun gagara? Manyan unguwa suna zaune aka faɗi haka, ba wanda ya ko yi gyaran murya. Ni dai raina ya ɓaci, kuma na ji kunya.

Malam Halliru, kai ne ka shaƙi ƙurar auduga har ta zame maka tari, don bayan wasu ya huta. Kai ne ka koya mana cewa abin da ya ɗauke ka dare duka, kai ma ka ɗauke shi ka kai shi rana. Halliru na gindin rimi, mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar ƙirji.

Ku kuma jama'a, godiyar baki ta isa haka. Duk gidan da ke da katifar Halliru, ko da ta bayan ɗaki ce, a kakkaɓe ta ranar Asabar da hantsi, a kawo a shanya kewaye da rimin, kamar yadda ya koya mana. Masu zarton 'yan garin nan ne. In sun zo, mu ga wanda zai taka katifar da aka haife shi a kai ya je ya sare itacen.