Ba Wanda Ya Tambayi Yaya Hadiza

Shekara shida ke nan da rasuwar Yaya Hadiza, sasfam ɗin, wato ungozomar asibiti, da na yi aiki tare da ita a wani ƙaramin gidan likita na ƙasar Dungas. Na same ta can ina sabon anfirmiye, wato ma'aikacin jinya.

Daminata ta farko, masassara ta shiga yara. Ana kawo su a amalanke daga ƙauyuka, jini ya riga ya ƙare. Wata Talata yarinya ta cika a hannuna ina neman jijiyar da zan sa mata ruwa. Uwar ta yi mini godiya, ta goya gawar, ta tafi. Daga nan na soma yi wa iyaye tsawa, na daina kallon fuskokinsu.

Yaya Hadiza ta lura. Bayan sallar la'asar ta tara mu a bayan ɗakin haihuwa, mu biyar har da ita da mai shara, ta ce kowa ya faɗi abin da ya tsaya masa a rai a wannan mako. Na ce ni lafiya lau nake.

Ta ce, "Ƙanena, mai lafiya ba ya wanke hannu sau goma bayan ya tashi aiki."

Ranar na yi kuka gaban mata. Zaman ya ɗore shekaru, kowace Alhamis. Ba ta yin wa'azi, ba ta neman mai laifi. Saurare kawai take yi.

Da za ta dawo yau, ban san me zan gaya mata ba. Zaman ya watse bayan ta. An ƙara gini, amma damina tana nan yadda ta bar ta. Sabbin ma'aikata suna haɗiye abinsu su hau kabu-kabu su tafi gida. Ɗaya daga cikinmu 'yan zaman ya ajiye aikin ya koma kasuwanci Kano.

Hawan jini ne ya kashe ta. Wajen ta'aziyya mijinta ya shaida mini ta daɗe ba ta cin abincin kirki, kuma duk macen da ta rasu a hannunta sai ta yi kwanaki tana ambaton sunanta a gida. Sai na tuna a duk zamanmu ita ce mai tambaya. Ba wanda ya taɓa juyawa ya tambaye ta, har ni.

Mu uku muna bakin aiki har yanzu, kuma dominta ne. Allah ya ji ƙanta, ya yafe mana shirun da muka yi mata.