Rakiyar da Ta Ƙi Ƙarewa a Mararaba

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi min ƙorafi ba, na yi aikin tafinta a ofishin jakadancin wata ƙasa ta gabashin duniya, nan Abuja. Ogana shi ne jami'insu mai kula da harkar kasuwanci, mutum siriri, mai yawan murmushi. Idan ana zama nakan riƙa rubuta abin da aka faɗa da ajami don ya fi min sauri, shi kuwa ya yi ta leƙen takardata yana mamakin rubutun da ke tafiya daga dama.

Mutane suna zaton aikin jakadanci liyafa ce da ɗaukar hoto. Abin da na gani da idona shi ne jira, da buga waya, da zama a gosulo. Tun zuwansa ƙasar nan ogana yake fafutukar abu guda: 'yan kasuwarmu masu riɗi su riƙa aika kaya kai tsaye zuwa ƙasarsu. Wa'adinsa ya kusa cika, kuma in ya tafi ba a sa hannu ba, maganar ta bi iska. Komai ya rataya a wuyan wani Alhaji, Bakatsine, shugaban masu riɗi da ke da sito a Mararaba.

Da ƙyar muka samu Alhaji ya zo ofis. Zama ya yi daɗi, aka yi dariya, aka rabu a kan za a sa rana. Ni ina baya ina tattara takarduna lokacin da suka fita. Daga ranar Alhaji ya daina ɗaukar waya.

Ogana ya tambaye ni me ya faru. Ni kuma da ba na son a ce ban sani ba, na gyara zaman hulata na ce lallai shayin nan ne da aka ba shi ba sukari. Ya rubuta a littafinsa da gaske. Da shiru ya yi yawa na canja fatawa, na ce ƙila sanyin na'urar ofis ne ya kama shi. Wannan ma ya rubuta.

Wata Juma'a bayan an sauko, na bi Alhaji har sitonsa. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, sannan na kawo maganar.

"Malam, ba na gaba da kowa," in ji shi. "Amma mutumin nan naka ya kawo ni bakin lif ya tsaya. Na shiga, na matsa masa wuri. Bai shigo ba. Sai na ga ya sunkuya yana kallon ƙasa, na ce ko biro ya yar. Kafin ya tsinta ƙofa ta rufe. Mai gadi ne ya karɓi katin baƙi da ke wuyana ya nuna min hanya."

Na ce, "Alhaji, ƙila bai sani ba ne."

"To, wanda bai iya taka min zuwa bakin mota ba, shi zan danƙa wa buhunan jama'a su haye teku?"

Da na kai wa ogana wannan, fuskarsa ta yi ja. Ya ce a wurinsu babu girmamawar da ta wuce ka raka baƙo bakin lif, ka sunkuya, ka ƙi ɗagowa har ƙofa ta rufe. Ya ce ko shugaban kamfani iyakar abin da ake yi masa ke nan. Na bayyana masa rakiya irin tamu, cewa gwargwadon nisan da ka taka wa mutum, gwargwadon matsayinsa a wurinka. Ya ɗauki kwat ɗinsa ya ce mu tafi.

Gosulon Mararaba ya sa direba ya aje mota can nesa, muka ƙarasa a ƙafa. Alhaji ya karɓe mu ba yabo ba fallasa. Na fassara masa zancen sunkuyon, sai ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Ashe ba biro ba ne! Ka ce masa ya bar sunkuyon nan, na Allah ne. Ya dai riƙa takowa."

Ba a ambaci riɗi ba ko sau ɗaya. Da muka tashi, Alhaji ya zura takalmi ya rako mu har mota, a cikin ranar nan, tsakanin 'yan acaɓa da masu tura baro. Na ce alhamdu lillahi, na buɗe ƙofa zan shiga. Sai ogana ya riƙe min hannu ya ce in gaya wa Alhaji ba zai bar shi ya koma shi kaɗai ba.

"Oga, ba a yin haka," na ce masa a hankali. "Mai gida ne ke rakiya."

Ya ce akwai wadda bai yi ba a ofis, yanzu zai rama.

Muka juya. Da muka isa sito, Alhaji ya ce a'a, wa ya taɓa ganin baƙo ya fita ba rakiya? Muka sake juyawa. Su biyu suna tafe suna hira, ni ina tsakiya ina haki ina fassara, babbar rigata ta jiƙe sharkaf. 'Yan dako suka aje buhuna suna kallo. Wani mai rake da muka yi ta wucewa ya ɗaga murya: "Alhaji, wani abu ya ɓata ne mu taya ku nema?"

Kiran sallar La'asar ne ya cece ni. Muna daidai wajen mai raken nan Alhaji ya tsaya, ya share zufa, ya kama hannun ogana bai saki ba.

"Malam, gaya masa a nan za a raba, kowa ya raka kowa. Kuma ya kawo takardar tasa Litinin, zan tara mutanena."

An sa hannu kafin ogana ya bar ƙasar, kuma na ji har yau kaya na tafiya. Ni dai na kwana biyu ina shafa man zafi.

Yanzu idan na ga manya a talabijin suna musayar takardu a gaban tutoci, nakan tuna akwai wani can baya da ya sha rana kafin a kai ga wannan tebur. Mutane biyu masu kyakkyawar niyya sun kusa rabuwa, kowanne yana ganin ya yi iyakar ladabinsa. Allah cikin ikonsa ya sa ɗaya ya faɗi abin da ke ransa, ɗayan kuma bai tsaya kare al'adarsa ba, ya tashi ya tako. Allah ya haɗa mu da masu sauƙin kai irinsu.