Ka Tafi Ka Bar Giyar Jif a Kan Katako, Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Afrilu, ina cikin awon masu juna biyu a ƙaramin asibitinmu, mai walda, aminin Baba Mai Jif, ya leƙo ta taga ya ce mini Baba ya cika. Kwana huɗu kacal ya yi yana jinyar ciwon ƙirji. Na ƙarasa awon matar da ke kwance, na wanke hannu, sannan na nufi gidansa.

Baba, ni ungozoma ce, rubutu ba aikina ba ne. Amma shekara goma sha tara na yi ina zama a kujerar gefenka da akwatin aikina a cinya, don haka ba zan yi shiru ba.

Kai ba makanike ba ne, malamin gona ne. Da ka yi ritaya ka sayi tsohuwar jif ɗin ofishinku a gwanjo, aka janyo maka ita da igiya har ƙofar gida, unguwa ta yi ta dariya. Ka kafa mata rumfar kwano, ka kwance ta noti-noti, duk abin da ka cire sai ka zana shi a littafi kafin ka ajiye. Bayan wata takwas ta tashi. Kai da kanka ka zo asibiti ka ce mini, in damina ta datse ƙauyukan ƙetaren rafi aka aiko mace na naƙuda, in neme ka.

Damina ta farko ta ba mu kashi. Ruwa ya shiga injin a tsakiyar rafi, motar ta mutu, muka ƙarasa da ƙafa cikin taɓo. Ko da muka isa, uwar na da rai, jaririn ya koma. Washegari ka samo bututu, kai da mai walda kuka ɗaga hanyar shaƙar iskar injin har saman rufi, ka liƙe duk wata kafa da ruwa zai bi. Ka shiga rafin nan sau uku kai kaɗai a motar, sai da ka gamsu sannan ka ce in hau. Tun daga ranar ruwa bai sake tsayar da mu ba.

Haka ka yi ta canza ta saboda mutanen da take ɗauka. Ka cire kujerun baya ka shimfiɗa gado, ka maƙala ƙugiya a rufi don ledar ƙarin ruwa. Ka ƙara wa sifirin baya ƙarfe saboda nauyi, amma da ka ji yadda wata baiwar Allah take cije leɓe a kowane rami, ka kwana biyu a ƙarƙashin motar ka sake cire shi. Ka ce gara mota ta wahala da mai ciki ta wahala.

Ba zan manta da ranar da fambel ya tsinke mana da tsakar rana ba, ga mace a baya jini na zuba. Ka buɗe gaban motar, ka juyo ka kalle ni.

"'Yata, ara mini gyalenki."

Ka yage gefensa, ka murɗa shi ya zama igiya, ka ɗaure shi a injin a madadin fambel ɗin. Da shi muka kai asibiti. Yarinyar da aka haifa ranar yanzu tana aji uku a sakandare. Gyalen kuwa, duk sanda na tuna maka sai ka yi dariya ka ce ai yana aikin lada.

Kana da taurin kai, Baba, ba zan ɓoye ba. Ba ka yarda kowa ya taɓa sifanarka, kuma ciwon nan ka daɗe kana jin sa kana cewa gajiya ce. Ranar Juma'ar da ya kayar da kai, ka sauke giyar motar ke nan za ka canza mata kuloci kafin ruwa ya sauka. Har yanzu tana nan a kan katako a rumfa, notocin a jere bisa kwali yadda ka cire su.

Shekaranjiya masu sayen tsohon ƙarfe suka zo taya motar. Inna, matarka, ba ta ko tashi daga tabarma ba. Babbar 'yarka, malamar makaranta, ta fito da littafin zanenka a hannu.

"Ku yi haƙuri, ba ta sayarwa ba ce," in ji ta. "Aiki ne da ita."

Jiya da la'asar mu uku muka shiga rumfar. 'Yarka tana karanta zanen, mai walda yana ƙarƙashin mota, ni ina miƙa sifana. Sau biyu muka ɗora giyar ta ƙi zama, hannun mai walda ya fashe. Mun rufe ta da tamfol, ranar Asabar za mu koma. Mata goma sha huɗu ne a ƙetaren rafi da watan haihuwarsu zai faɗo cikin damina, na san sunan kowacce, kuma bai fi mako shida ya rage hadari ya fara haɗuwa ba. Ni da na haura hamsin na soma koyon tuƙi. Da yardar Allah, kafin rafin nan ya kawo, motarka za ta tashi, kuma duk wadda ta aiko za mu je.

Ya Allah, Ka jiƙan wannan bawa naka, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya kowace tafiya da ya yi don ceton rai a mizaninsa. Inna, Allah Ya ba ki haƙurin rashin abokin zaman shekara arba'in da shida. 'Ya'yansa, jikokinsa, da aminin nasa mai walda, Allah Ya ƙarfafa zukatanku, Ya yi wa zuri'arsa albarka. Mu kuma da muke baya, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.