Birkin Jif ɗin Baba, Daga Boɗinga Zuwa Shagari

Boɗinga, ƙarfe shida saura kwata

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar na hau jif ɗin. Sai da na murɗa makulli sau uku kafin ta yi tari ta kama. Motar mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa, kuma ta girme ni da shekara biyu. Ni malamin firamare ne, amma ranakun hutu ni ke ɗauko albasa daga fadamarmu ta wajen Danchadi, domin babu motar da ke iya yashin hanyar sai ita.

Birkinta ne ya jawo tafiyar. Na hannu ya daɗe da mutuwa, na ƙafa kuma kullum ƙara nitsewa yake yi. Mako guda kafin nan na tsayar da ita a gangare, na bar ta a giya, da buhu takwas a baya da yayata Kulu a gaba. Giyar ta fita. Kafin in juyo, jif ta gangara da Yaya Kulu har tsakiyar fangalin albasar maƙwabci. Ba ta ji ciwo ba, amma tana fitowa ta yanke hukunci: masu sayen tsohon ƙarfe za su zo ranar Lahadi su yanka ta. Ita ce babba, kuma motar tamu ce mu biyu. Da ƙyar ta yarda in gwada gyara kafin ranar.

Na sa an kawo mini kaya daga Kano cikin leda: sabuwar wayar birkin hannu, ƙarafunanta, tarin sifirin, da ajasta guda biyu, wato ɗan ƙarfen da ke ɗaure birki da kansa in ya saki. Kanikawan garinmu suka jujjuya su, kowa ya ce sai Malam Bube na Shagari.

Ina shirin fita sai ga Yaya da mayafi da jaka.

"Ina zuwa, Yaya?"

"Inda za ka. Ni da idona nika son in gani, ba labari ba."

Kan hanya, kilomita ashirin da 'yan kai

Ban wuce gudun talatin ba. Masu Keke Napep suna wuce mu suna ɗaga mana hannu. Ƙarfe shida da ashirin muka tsaya bakin titi wajen wata mai ƙosai, na soma taka birki tun daga nesa, amma sai da muka wuce ta da taku goma. Muka sha koko, muka sayi ƙosai na ɗari biyar don tsaraba.

Gab da mararrabar Yabo akwai shingen jami'an tsaro. Wani dattijo cikinsu ya zagaya motar yana murmushi, ya ƙwanƙwasa ƙarfen gaba.

"Malam, wannan ai da irinta aka kai ni makaranta. Tana da birki kuwa?"

"Shi za mu nemo, ranka ya daɗe," in ji Yaya tun ban buɗe baki ba.

Ya yi dariya, ya ce in bi gefen hanya a hankali, in mun dawo kuma zai gwada da kansa.

Shagari, bakwai da rabi

Garejin Malam Bube rumfa ce ƙarƙashin dogon yaro, bayan kasuwa. Muka same shi kan benci, tsoho siriri mai farin gemu. Muka durƙusa muka gaishe shi. Da na miƙa masa ƙosai sai na ga hannunsa yana lalube a iska. Ashe yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Babu wanda ya faɗa mini haka a Boɗinga. Yaya ta dube ni, na dubi ƙasa.

"Na ji motag ga tun daga titi," in ji shi. "Ta Alhaji Mamman ta, ko? Ni nis sa mata kuloci shekarun baya. Mi ya same ta?"

Na faɗa masa. Ya zazzage ledar kan tabarma, ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya da yatsu.

"Sun cika. Idona ya tahi, amma naka na nan. Kai za ka yi, ni in hwaɗa maka."

"Baba, ni alli na sani."

"Hannun da ka riƙe alli shi riƙe filaya. Tuɓe rigar."

Aikin, takwas zuwa azahar

Muka ɗaga baya da jak, muka tokare da kututture, na cire tayoyin. Kwanon birki na hagu ya fita da sauƙi, na dama sai da ya sha guduma. Ciki duk tsatsa da jar ƙasa. Malam Bube ya hana ni kwance ɓangarorin biyu lokaci guda, ya ce in bar ɗaya ya zama abin dubawa in na rikice.

Ya zauna kusa da ni a ƙasa, hannunsa bisa nawa. Muka rataya ƙarfen birkin hannu jikin takalmin birki na baya, muka zura wayar ta ramin farantin ƙarfen da ke bayan birkin, muka maƙala bakinta. Daga nan sandar da ke tsakanin takalman biyu, da sifirinta. Sai ajasta: ƙarfe ne kamar yatsa, mai zare irin na kusa, da ƙaramin zobe mai haƙora a tsakiya. Ya sa na shafa wa zaren giris kaɗan. "Kaɗan nic ce! Ba man shanu ba na bisa tuwo." Sama da shi akwai wani ɗan harshe na ƙarfe da ke ture haƙoran.

Sifirin na sama ya ba ni wuya. Sau biyu yana kuɓuce wa filaya, na biyun ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙwaryar furar da Yaya ta sayo. Ta tsamo shi, ta goge da gefen zane, ta miƙo mini.

Kafin in sa ajastocin, Malam Bube ya ce in duba jikinsu, akwai harafin hagu da na dama, kada in musanya. Na duba, na ga haruffan, na tsaya gaban mota ina fuskantarta, na ba kowane ɓangare nasa. Ƙarfe ɗaya da rabi muka rufe. Muka yi azahar, muka ci shinkafa da wake da soyayyen kifin dam ɗin garin.

Filin bayan kasuwa, ƙarfe biyu da kwata

Ashe irin wannan birki da ribas yake ɗaure kansa. Sai an ja da baya an taka, harshen ya tura haƙori ɗaya. Muka shiga mu uku, tsoho a tsakiya. Na ja da baya, na taka. Na sake. Teloli suka fito daga shaguna suna kallon motar da ta ƙi yin gaba. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, Boɗinga na can gabanka!"

A karo na goma ƙafata ta kusa taɓa ƙasa. Birkin da ya kamata ya ɗaure, saki yake yi. Yaya ta ce, "To, Sanusi. An gwada."

Malam Bube ya ce, "Ina kat tsaya sa'ad da ka rarraba su?"

"Gaban mota, Baba."

"Kana kallonta?"

"Ina kallonta."

Ya bushe da dariya har da buga cinya. "Hagun mota hagun direba na, yana zaune bisa kujera! Ka ba dama na hagu. Zarensu ba ɗaya ba na, kowane juyi kwancewa shika yi."

"Shekara ashirin yana koya ma ɗiyan mutane hagu da dama," in ji Yaya. Ta faɗa wa teloli, ta faɗa wa mai kifi, har wanda bai tambaya ba ta faɗa masa. Amma da na sake ɗaga motar, ita ta naɗe mayafi ta riƙe mini sifana. Wannan karon awa ɗaya ta ishe mu, hannuna ya riga ya san hanya.

Da muka koma filin, tsohon ya taɓa kafaɗata. "Ba ni sitiyarin. Shekara huɗu ban riƙa ba."

Na dubi Yaya, ina jiran ta ce a'a. Sai ta sauka, ta kori awaki da 'yan kallo daga filin, ta tsaya gefe tana kira: "Taho, Baba! Ba kowa! Taho! Taka!" Ya ja da baya a miƙe kamar an ja layi, ya taka, ya karkata kunne. Ƙyas. Ya sake. Ƙyas. Wajen karo na goma sha biyar birki ya dawo sama, da taɓawa kaɗan mota ta ƙame. Yaya ta shigo, muna faɗa masa hanya, ya kai mu wani gangare da ya sani kusa da hanyar dam, ya ja birkin hannu, ya cire giya, ya ɗauke ƙafarsa. Jif ba ta motsa ba.

Ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce ai ni na yi aikin. Yaya ta leƙa gidansa da ke kusa ta tambayi matarsa, ta ji cewa yanar idonsa irin wadda ake cirewa ce, abin da ya hana su zuwa asibiti a Sakkwato rashin mai kai su. Ta ce ranar Talata za mu zo mu ɗauke shi. "Cikin wagga motar," ta ƙara. Daga nan na san masu tsohon ƙarfe sun yi asarar tafiya.

Komawa gida

Biyar da kwata muka bar Shagari. A shingen nan dattijon ya cika alkawari, ya taka birki, ya jinjina kai, ya ce mu gai da gida. Shida da minti goma muka shiga Boɗinga, rana ta yi ja.

Na tsaya ƙofar gida na ja birkin hannu, ya yi ƙarar nan tasa, kirrr. Ban kai ga sauka ba sai ga Inna, mahaifiyarmu, ta leƙo daga zaure da ludayi a hannu, ko takalmi babu. Ta tsaya tana kallon motar.

"Inna, lahiya?" in ji Yaya.

"Lahiya lau," ta ce. "Da wannan ƙarar nika sanin babanku ya iso, in zuba tuwo. Ban san sa'ad da nit tashi ba." Ta goge ido da bayan hannu. "To, ku shigo. Ai na riga na zuba."

Mun gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Malam Bube kuma, Allah Ya saka masa da alheri, Ya buɗe masa idanunsa.